Katin kulob a Holan, gida a Jamus, gasa a Cek: wa zai sa wa maharbin hannu?

Mu ɗauki wani maharbi ɗan ƙasar Holan wanda ya shekara takwas yana gasar harbi da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin dokokin IPSC, hukumar duniya mai kula da wannan wasa. Yana da kulob a garinsu, yana biyan kuɗin shekara ba fashi, sunansa na cikin rajistar NPSA, ƙungiyar da ke riƙe da wannan wasa a Holan. Ranar 1 ga Nuwamba aiki ya mayar da shi Jamus, ya kama haya a wani gari da bai wuce tafiyar awa ɗaya da rabi daga tsohon kulob ɗinsa ba. A watan Janairu aka buɗe rajistar wata gasa ta mataki na uku da za a yi a Jamhuriyar Cek cikin Yuni. Ya cike fom, a gurbin shiyya, wato reshen IPSC na ƙasa, ya rubuta Holan kamar yadda ya saba, ya biya kuɗi. Ana saura mako bakwai, masu shirya gasar suka aiko masa da saƙo cewa har yanzu daraktan shiyyarsa bai tabbatar da shi ba. Ya ɗauki hoton katin kulob ya tura musu, suka ce ba shi suke nema ba. Da ya rubuta wa daraktan shiyyar Holan, tambaya ɗaya aka yi masa: yaushe ya bar ƙasar?

Mutumin bai yi wa kowa ƙarya ba. Kuskurensa shi ne ya ɗauki abu uku a matsayin abu ɗaya: zama ɗan kulob, zama ɗan shiyya, da izinin riƙe bindiga. Kowanne da mai ba da shi, kowanne kuma da ranar da yake sauyawa idan mutum ya tsallaka iyaka. Izinin bindiga yana girgiza ne tun ranar da aka kwashe kaya daga gida. Shiyya tana sauyawa bayan an cika wasu adadin kwanaki. Katin kulob kuwa ba ya sauyawa ko kaɗan muddin ana biya, shi ya sa yake yaudarar mai shi.

Dalilin da katin bai yi aiki ba

An kafa IPSC a watan Mayun 1976 a wani taro da aka yi a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Mambobinta ba kulob-kulob ba ne, ba kuma ɗaiɗaikun mutane ba. Shiyyoyi ne, galibi ƙasa ɗaya shiyya ɗaya, kowace da daraktanta. A Amurka USPSA ce, a Jamus BDS, a Faransa wasan na ƙarƙashin FFTir. Kulob yana rataye ne a jikin shiyya, shiyya kuma a jikin IPSC. Gasanni mataki biyar ne, daga ta cikin kulob har zuwa gasar duniya da ake yi duk shekara uku. Tun daga mataki na uku sai IPSC ta amince da gasar da kuma zanen zangunanta, wato sassan harbin da gasar ta ƙunsa, kuma ba ta gaza zango 12 da harsashi 150.

Sashe na 6.5 na dokokin gasar ƙaramar bindiga ya ce dole kowane mai gasa ya zama mamba a shiyyar da yake zaune a cikinta. Ya kuma hana masu shirya gasa karɓar baƙo daga wata shiyya har sai daraktan waccan shiyyar ya tabbatar cewa ya cancanci shiga. Saboda haka masu gasar Cek ba taurin kai suka yi ba. Ba su da hurumin duba katin kulob su yanke hukunci da kansu, ko da sun san mutumin ido da ido. Hikimar abin a bayyane take: wanda aka dakatar a shiyyarsa saboda ganganci da bindiga ba zai tsallaka iyaka ya sayi kati a wani kulob ya ci gaba da harbi kamar ba a yi komai ba.

Lissafin kwana 183

A nan ne ake yin ta. Dokar ba ta tambayar fasfo. Ta fayyace cewa zama yana nufin inda mutum ya kasance da jikinsa aƙalla kwana 183 cikin watanni goma sha biyun da suka gabaci watan da za a fara gasar. Ta ƙara da cewa ba ruwanta da ƙasar haihuwa ko adireshin da aka ajiye don sauƙin harka, kuma ba sai kwanakin sun zo a jere ba.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne daga ina ake fara ƙirgawa. Ba daga ranar gasa ake komawa baya ba, ba kuma daga ranar rajista ba. Gasar Yuni ce, don haka ana ɗaukar 1 ga Yunin bara zuwa 31 ga Mayun bana. Daga Yuni zuwa ƙarshen Oktoba yana Holan: kwana 153. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu yana Jamus: kwana 212. Amma yakan koma gida wasu ƙarshen mako da lokacin hutu. Da ya duba kalandarsa ya tarar kwana 24 ya yi a Holan bayan ƙaura. A cire su daga nan a zuba can, Jamus ta tashi da 188, Holan da 177. Ɗan shiyyar Jamus ne, da ratar kwana biyar kacal sama da ƙa'ida. Da a ce kwana 30 ya yi a gida maimakon 24, da Holan ta samu 183, Jamus 182, da daraktan Holan ya sa hannu ba tare da wata magana ba.

Wani abin lura kuma: lokacin da ya cike fom a Janairu, ɗan shiyyar Holan ne na gaskiya. Da gasar a Afrilu take, lissafin zai fara daga 1 ga Afrilun bara, Holan ta samu kwana 214 tun kafin a ƙara ziyarce-ziyarce. Da a Mayu take, Holan 184, Jamus 181. Sai a Yuni sikelin ya rinjaya. Wato wanda ya ƙaura a kaka zai iya fara kakar gasa a wata shiyya ya ƙarasa ta a wata, kuma gasar da ya yi wa rajista tun da wuri ita ce za ta kama shi. Duk wanda ke shirin ƙaura ya kamata ya zauna da kalanda ya yi wannan lissafin ga kowace gasa daban, kafin ya biya kuɗin shiga.

Hanyar ƙirga da ta fi sauƙin karewa idan an yi gardama ita ce a bi inda mutum ya kwana kowane dare. Hujjojin da ke da nauyi su ne takardar rajistar zama, wadda a Jamus dole a yi ta cikin mako biyu da tarewa, da yarjejeniyar haya, da wasiƙar wurin aiki. Rasitin kuɗin kulob ba ya nuna inda mutum ya kwana. Akwai kuma mai yawon aiki da ba zai cika 183 a ko'ina ba. Irin wannan ya rubuta wa daraktocin shiyyoyin da abin ya shafa tun farkon shekara, ya samu amsa a rubuce, kada ya bari sai gasa ta matso.

Abin da ya sauya da abin da bai sauya ba

Babu inda dokar ta ce ya bar kulob ɗinsa na Holan. Zai iya ci gaba da biyan kuɗi, ya je atisaye duk Asabar, ya zauna da abokansa. Abin da ake buƙata shi ne ƙari: ya zama mamba a shiyyar Jamus. Ya yi sa'a tun Fabrairu ya shiga wani kulob da ke ƙarƙashin BDS kusa da gidansa, don kawai ya samu wurin motsa hannu a tsakiyar mako. Sai dai shiga kulob bai wadatar ba. A Jamus kafin mutum ya shiga gasar IPSC sai ya ci jarrabawar tsaro da dokoki da ake kira SuRT, wadda ke da ɓangaren rubutu da na harbi a fili. Kanada na da makamanciyarta, Black Badge. Ba kullum ake yin jarrabawar ba, sai an sa rana an tara mutane, kuma wannan ne ya kusa cinye masa mako bakwai ɗin. Ya samu gurbi a tsakiyar Mayu, ya ci, daraktan shiyyar Jamus ya tabbatar da shi, masu gasa suka gyara sunan shiyya a jerin mahalarta.

Wanda ya saba harbi a wata ƙasa zai ga bambanci a filayen Jamus, kuma ba son rai ne na masu kulob ba. Dokar makamai ta ƙasar ta haramta wasu abubuwa a harbin wasanni: harbi daga bayan mafaka, harbi ana cikin gudu ƙarara, tsallake shinge bayan an yi harbin farko, zare bindiga fiye da ɗaya daga kuben da ke ɗaya gefen jiki, da zangon da maharbi bai san tsarinsa ba tun kafin ya fara. Dokar IPSC mai lamba 3.3.1 ta hana masu gasa ƙirƙiro dokokin gida, amma ta bar ƙofa ga abin da dokar ƙasa ta tilasta. Ta wannan ƙofar ce irin waɗannan bambance-bambance ke shigowa.

Sai maganar tuta, wadda ta fi damunsa fiye da komai. A sakamakon gasar Yuni sunansa zai fito da Jamus a gabansa. Idan yana son ya wakilci Holan, doka ta 6.5.2.1 ta ba shi hanya: wanda ke zaune a wata shiyya amma yake son wakiltar ƙasar da yake ɗan ƙasarta, dole daraktocin biyu su amince a rubuce kafin a fara gasar. Biyu, ba ɗaya ba, kuma kafin, ba bayan an ga sakamako ba. Wannan yarjejeniya ba ta ɗauke masa zama mamba a Jamus. Tana ba shi damar sa rigar Holan ne kawai.

Akwai wurin da ko wasiƙun biyu ba sa kaiwa. Doka ta 6.5.3 ta ce a gasar zakarun shiyya ko ta nahiya, wanda ya cika sharaɗin zama ne kaɗai ake kira zakara. Idan mutumin nan ya je gasar zakarun Holan a Satumba ya fi kowa maki a rukuninsa, za a ba shi kyautar wanda ya lashe gasar, ba za a goge makinsa ba, amma zakaran Holan shi ne na farko cikin waɗanda ke zaune a Holan, ko da kashi 95 cikin ɗari na makinsa ya samu. A gefe guda, ya zama mai iya cin kambun Jamus alhali fasfonsa na Holan ne. Mutane da yawa na ganin wannan bambaraƙwai, amma ya fi adalci fiye da bin fasfo, domin zakaran shiyya shi ne gwanin waɗanda ke harbi a filayenta, ƙarƙashin dokokinta, duk mako.

Bindigar da ta maƙale a tsakani

Duk abin da ya gabata takarda ce tsakanin 'yan wasa, mafi munin sakamakonsa shi ne a rasa gasa da kuɗin shiga. Ɓangaren bindiga kuwa na hukuma ne, kuskure a cikinsa laifi ne a gaban kotu.

A Holan 'yan sanda ke ba da izinin riƙe bindigar wasa, shekara ɗaya yake yi a sabunta, kuma yana ɗaure da adireshin da ake ajiye bindigar. Maharbin ya yi abin da ya dace a Oktoba: ya kai bindigoginsa biyu ajiya wurin dila mai lasisi kafin ya tashi. Abin da bai lissafa ba shi ne tsawon lokacin da za su yi a can. A Jamus, kafin ɗan wasan harbi ya samu katin mallakar bindiga sai ya nuna buƙata, kuma buƙatar na nufin ya yi wata 12 yana mamba a kulob da ke ƙarƙashin ƙungiyar da hukuma ta amince da ita, yana harbi aƙalla sau ɗaya kowane wata ko sau 18 a shekarar. Ga jarrabawar sanin makamai, ga binciken hali, ga akwatin ƙarfe mai daraja ta 0 a ma'aunin Turai na EN 1143-1. Tun da a Fabrairu ya shiga kulob, agogonsa a Fabrairu ya fara. Watanni ukun da ya yi yana jan ƙafa bayan ƙaura sun zama watanni uku na ƙarin jira. Da ya shiga kulob a makon da ya tare, da ya rage wa kansa su.

Tunaninsa na farko shi ne ya karɓo bindigar daga dila ya wuce Cek da fasfon bindiga na Turai da ke hannunsa. Wannan fasfo, wanda yanzu ke ƙarƙashin umarnin Tarayyar Turai mai lamba 2021/555, yana aiki har shekara biyar, kuma yana ba ɗan wasan harbi damar tafiya da bindigoginsa zuwa wata ƙasar tarayyar idan zai iya nuna dalilin tafiyar, galibi takardar gayyata daga masu gasa. Jamus na barin baƙo ya shigo da bindiga har shida ta wannan hanya. Amma fasfon ba izini ba ne mai zaman kansa. Yana tsaye ne a kan izinin ƙasar da ta ba da shi, kuma na baƙo ne mai zuwa ya koma. Mutumin da gidansa ke Jamus ba baƙo ba ne a Jamus. Idan ya kwana da bindigar a gidansa kafin ya kama hanya, mazaunin Jamus ne riƙe da bindiga ba tare da katin Jamus ba, komai yawan hatimin da ke cikin fasfonsa. Mayar da bindiga daga wata ƙasa zuwa wata na dindindin hanyarsa daban: ƙasar da za a kai ta fara ba da amincewa, sannan ƙasar da za a fitar ta ba da izinin fitarwa.

Wani tarkon da ke kan wannan hanya ya shafi har waɗanda takardunsu ke daidai. Mai mota daga Holan zuwa Cek ta Jamus zai bi, kuma tun 1 ga Satumban 2020 gidan harsashin ƙaramar bindiga da ke cin fiye da 20 haramtacce ne a Jamus, sai da izini na musamman daga BKA, hukumar 'yan sandan binciken laifuka ta tarayyar Jamus. Ana auna cinsa ne da mafi ƙanƙantar harsashin da kamfanin ya ƙera shi dominsa. Masu rukunin Open, ajin da aka fi sakar wa mara wajen yi wa bindiga gyara, waɗanda gidan harsashinsu ke kai tsawon milimita 170 kuma yake cin kusan 28, su abin ya fi shafa, amma mai 9mm da ya ƙara wa gidan harsashinsa gindi ma ya ƙirga da kyau. Wucewa kawai ba ta zama uzuri.

Mafitar da ta rage ita ce aro. Dokokin IPSC ba su ce sai da bindigarka za ka yi gasa ba. Abin da suka ce shi ne bindiga ɗaya da irin saiti ɗaya daga zangon farko zuwa na ƙarshe, kuma ba a sauyawa sai da izinin babban alƙalin gasa. Wani abokin kulob ɗinsa na Jamus da ke zuwa gasar yana da bindigar ajiya ta rukunin Standard, ajin da aka ƙayyade wa girman bindiga, a cikin fasfonsa. Shi zai ɗauko ta, shi zai ɗauko harsasai, shi zai mayar da su. An rubuta wa masu gasa tun da wuri don su tabbatar da yadda dokar Cek ta tsara aro a cikin fili, an kuma roƙi a sa su biyun a ayari ɗaya, saboda mai bindigar ya kasance a wurin duk lokacin da ake amfani da ita.

Teburin duba kaya da na'urar auna gudu

Bindigar aro na zuwa da nata matsalolin. A rukunin Standard dole bindiga, da gidan harsashi marar komai a cikinta, ta shiga akwati mai tsawon milimita 225, faɗi 150, zurfi 45, kuma kowane gidan harsashi da za a yi amfani da shi sai ya cika wannan sharaɗi. Gindi ɗaya da ya ɗara sauran da milimita biyu ya isa. Bindiga da gidajen harsashi kuma kada su yi nisa da jiki fiye da milimita 50, abin da kan sauya idan an ɗaura kuben wani a ɗamarar wani. Idan an gano saɓani kafin a fara, gyara ne kawai. Idan bayan an fara ne, doka ta 6.2.5.1 ta ce a mayar da mutum rukunin Open, inda zai kara da masu saitin gilashi da bindigar da ba ta da shi. Saboda haka suka gwada dukkan gidajen harsashi shida a akwatin kulob tun a Jamus, ɗaya bai shiga ba, aka bar shi a gida.

Inda abin ya ci su shi ne ma'aunin ƙarfi. Ana samun sa ne ta ninka nauyin kan harsashi da giren, wani ƙaramin ma'aunin nauyi, sau gudunsa da ƙafa a sakan, a raba da 1000. Ƙaramin ƙarfi 125 ne a kowane rukuni. Babban ƙarfi 160 ne a Open, 170 a Standard. A USPSA kuwa 165 ne, kuma da yawa daga cikin bayanan ɗura harsashi da ke yawo a intanet don wannan adadin aka yi su, sai wanda bai lura ba ya kwafa ya zo gasar IPSC da harsashin da ya gaza da maki biyar.

Harsasan abokin masu kaurin inci .40 ne, nauyin kansu giren 180. A bindigarsa ta yau da kullum suna gudun ƙafa 955, wato 171.9. Ba wanda ya gwada su a bindigar ajiya. Bututu biyu, ko daga kamfani ɗaya suka fito, ba sa ba da gudu ɗaya, ga sanyin safiya, ga bambancin na'ura da na'ura. A gasa jami'ai kan karɓi harsashi takwas daga hannun maharbi a lokacin da suka ga dama. Ana cire kan ɗaya a auna nauyinsa, a harba uku ta bindigar maharbin a ɗauki matsakaicin gudu. Idan bai kai ba a ƙara harba uku, a ɗauki uku mafi gudu cikin shidan. Idan har yanzu bai kai ba, maharbi ya zaɓi abin da za a yi da na takwas: a auna kansa ko a harba shi. An bi duk matakan, aka tsaya a ƙafa 940, wato 169.2. Ba a cikasa ragowar lamba; ko 169.9 ne, bai kai 170 ba. Aka mayar da makinsa na dukan gasar zuwa ƙaramin ƙarfi, har da zangunan da ya riga ya harba.

Ga abin da hakan ke ci. Tsakiyar allo, wato A, maki 5 ne ga kowa. Sashen da ke kewaye da shi, wato C, maki 4 ne ga babban ƙarfi, 3 ga ƙarami. Gefen allo, wato D, kuma 2 da 1. A dogon zango mai harsashi 32, a ce ya samu A 22, C 8, D 2 cikin sakan 20. Da babban ƙarfi makinsa 146, a raba da lokaci ya ba da 7.30. Da ƙarami 136, wato 6.80. Kusan kashi bakwai cikin ɗari ke nan a zango ɗaya, ba tare da ya yi kuskuren harbi ko ɗaya ba, kuma ya sha dukan .40 a hannu a banza. Masu ƙwarewa kan ɗura harsashinsu ya kai 174 ko 175 a bindigar da za a yi gasar da ita, su gwada da sanyi su gwada da zafi. Da ƙaramin ƙarfin ma ya gaza, da an bar shi ya ci gaba da harbi amma ba za a sa makinsa a sakamako ba. Ƙara ba ta da amfani a nan: a mataki na uku ana shigar da ita a rubuce cikin awa ɗaya tare da dala 100 ko daidai kuɗin shiga gasar, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma kwamitin sauraron ƙara ba zai sauya abin da na'urar da aka tantance ta nuna ba.

Abin da ya rage a gabansa

Ya kammala gasar Yuni a matsayin ɗan shiyyar Jamus, a rukunin Standard, da ƙaramin ƙarfi. Burinsa na gaba shi ne gasar nahiya, ta mataki na huɗu, da rigar Holan. A wannan mataki ba a sayen gurbi kai tsaye. Ana raba gurabe ga shiyyoyi, daraktoci su raba wa mutanensu. Don haka wasiƙar amincewar da daraktocin biyu za su sa wa hannu ya kamata ta ambaci sunan gasar, da rukunin, da kuma shiyyar da gurbin zai fito daga kasonta, tun da shiyyar da ba za ta amfana da makinsa ba ba lallai ta so ba da nata ba. Idan tawaga za a sa shi, mutum huɗu ne a rukuni, ana ƙirga makin uku mafi yawa, kuma ana zaɓe ne bisa cancanta. Cancantar nan galibi daga gasannin cikin gida ake auna ta, don haka sai ya ci gaba da zuwa gasannin Holan, inda yanzu shi baƙo ne da sai daraktan Jamus ya tabbatar da shi kafin a karɓi rajistarsa.

A Fabrairu mai zuwa zai cika wata 12 a kulob. Daga nan BDS ta ba shi takardar shaidar buƙata bisa littafin da ake sa masa hannu duk ranar da ya yi harbi, ya kai ta ofishin makamai na yankinsa, a rubuta bindigogin a katinsa tun kafin su iso. Biyu ne, kuma dokar Jamus na barin bindiga biyu cikin wata shida, don haka za su iya zuwa tare. Sannan amincewar Jamus, sannan izinin fitarwa daga Holan, sannan dila ya sake su. Bayan sun shiga katinsa ne zai nemi sabon fasfon bindiga na Turai daga Jamus. Kuɗin ajiya wurin dila zai ci gaba da hawa har ranar, don haka gasannin Maris da Afrilu ma da bindigar aro zai yi musu rajista.